Shekarar da Na Auna Lungunmu da Keke

Ku duka kun taso kun tarar da kwata tana ratsa gidanmu na cikin birni, ta shigo ta ƙarƙashin katangar lungu, ta bi gefen tsakar gida, ta faɗa kududdufin baya. Kun kuma taso kun tarar baffanku, Yaya Bala, ba ya zaune tare da mu. Na san an ba ku labari iri-iri. Wasu sun ce muku rigimar gado ce, wasu sun ce matanmu ne ba su jitu ba. Duk ba haka ba ne. Ni ne sanadi, ni da kekena da wani abu da na ɗaura masa a hannu, kuma gara ku ji daga bakina tun ina da sauran ƙarfin riƙe alƙalami.

A lokacin, cikin shekarun tamanin, ina koyar da lissafi a wata firamare da ke bayan ganuwa, ta wajen Kufena. Kullum da safe in hau keke in fita, da rana in dawo. Ni kuwa Allah ya yi ni da son sanin abin da babu wanda ya tambaye ni. Mamanku ta sha faɗi cewa in aka ajiye mini tuwo, sai na tambayi ƙwayar dawa nawa aka niƙa kafin in kai loma. To abin da ya tsaya mini a rai a wannan shekarar shi ne hanya. Akwai wani wuri bayan an fita ƙofar gari, ido yana ganinsa a shimfiɗe, amma da na iso sai cinyata ta fara ciwo, feda ta yi nauyi. Akwai kuma wani wurin da ido ke ganin tudu, amma keke ya riƙa tafiya da kansa ba na taka komai. Na yi ta tambayar kaina, tsakanin ido da ƙafa wa ke yi mini ƙarya? Na tambayi abokan aikina, suka ce in sa wa sarƙa mai in huta.

Ban huta ba. Na samo tiyon mai na babur, irin wanda ake ganin cikinsa, tsawon kamu ɗaya. Na sa kafinta ya yanko mini ɗan katako ya lanƙwasa shi kaɗan kamar ƙasan akushi, na kwantar da tiyon a kai. Na cika shi da kananzir da ɗan man gyaɗa, na jefa ƙwayar boris guda ɗaya a ciki, ɗan ƙwallon ƙarfen nan na cikin tayar keke, na toshe bakunan biyu. Sai na ɗaure katakon a tsakiyar hannun keken, kansa yana kallon gaba. Dabarar ba ta da wuya. Ƙwayar kullum tana neman inda ya fi ƙasa. In keke yana hawa sai ta gangaro baya wajena, in yana gangara sai ta gudu gaba, man kuma ya hana ta rawa. Don in san yawan hawan, na yanko falankai masu kaurin yatsa ɗaya, in sa ɗaya a ƙarƙashin tayar gaba in ja layi inda ƙwayar ta tsaya, in ƙara na biyu in sake jan layi, haka gaba da baya. Ma'aunina ke nan: yatsa kaza a tsawon keke ɗaya.

Amma kafin duk wannan sai an sami sifili, wato ƙasar da ba hawa ba gangare, wadda daga ita za a fara ƙirga. Ban ko tsaya dogon tunani ba. Ina akwai wuri a miƙe kamar zauren Malam? Kakanku, Allah ya ji ƙansa, a nan ya yi ta ba da karatu har ya bar duniya, Yaya Bala ya gaje shi a kan buzun. Daɓen zauren nan sumul yake, ya sha makuba har yana sheƙi. Tun ina rarrafe nake kansa. Na shigo da keken yadda na saba shigowa da shi, kansa yana kallon cikin gida, na jira ƙwayar ta natsu, na ja layi da jan biro na rubuta sifili.

Watannin da suka biyo baya, gaskiya ban taɓa jin daɗin rayuwa irinsu ba. Na sayi ɗan littafi na riƙa rubuta hanyoyin Zazzau lungu-lungu. Wurin nan da cinyata ke ƙorafi ashe hawa ne na gaske, ƙafa ta yi gaskiya, ido ya sha kunya. Ranar Asabar in tafi gindin Kufena in yi ta hawa har inda keke zai iya, ina haki, ido a kan ƙwaya. Mutanen ƙauyen da ke wucewa da itace su tsaya suna kallona, wata tsohuwa har ta tambaye ni ko magani ne a cikin tiyon. A unguwa kuwa suna ya bi ni, Malam Gangare, domin duk wanda na haɗu da shi sai na gaya masa ƙofar gidansa yatsa nawa ce. Abu ɗaya ya so ya tsaya mini. A Kufena in na hau wani wuri ƙwayar ta nuna shida, in na juyo ina saukowa sai ta nuna takwas. Tudu ɗaya, lamba biyu. Na yi tunani na ce ai birki ne, in na matsa shi dole ƙwayar ta zame gaba. Amsar ta yi mini daɗi, na karɓe ta hannu biyu. Sauran hanyoyi kuma da zarar na rubuta su da safe ba na sake dubawa da dawowa, a ganina ɓata lokaci ne a auna hanya sau biyu.

To a wannan shekarar ce masu aikin titi suka zuba ciko suka yi kwalta a bakin lungunmu. Titin ya ɗaga, ruwan da a da yake fita ta nan ya rasa hanya. Daminar farko lungun ya riƙa cika daga baki har ƙurya, ya kwana biyu bai janye ba, gindin katangu ya fara zubewa. Kun san lungun. Gidanmu ne a ƙurya, gidan Baba Tanimu mai ɗinkin riguna yana kusa da baki, kuma mu biyun nan ne kaɗai bayan gidajenmu ya kai ga kududdufi. Ke nan dole a fasa ɗayan gidajen a ba ruwa hanya. In ta wajenmu ne, ɗakin Malam ne a kusurwar, inda littattafansa suke, inda Yaya Bala yake shiga ya yi nazari kullum bayan asuba. In ta wajen Baba Tanimu ne, ɗakin ɗinkinsa ne, mai tagar da hasken safe ke shigowa, shi kuwa idonsa ya riga ya fara rauni. Magina sun ce ɗakin ƙasa ba zai zauna a kan kwata ba, wanda aka zaɓa sai an rushe shi.

Da bazara ta kama, mai unguwa ya tara mu. Tambayar ɗaya ce: wane ƙarshen lungun ya fi ƙasa? Kowa ya rantse ya ga ruwa ya fi daɗewa a ƙofar ɗan'uwansa. Ba kuma ƙarya suke yi ba, domin kowane gida ya yi ta jibga ƙasa a ƙofarsa har lungun ya zama tudu da kwari. Ana cikin haka sai Yaya Bala, wanda ya fi kowa yi wa tiyona dariya, ya yi gyaran murya.

"Allah ya ba ka nasara, ga Yahuza nan. Duk garin nan babu inda bai auna ba. A bar shi ya auna mana."

Mai unguwa ya dube ni. "Malam Yahuza, abin nan naka yana faɗin gaskiya?"

"Ranka ya daɗe, ai ba shi da dangi a lungun nan," in ji ni.

Aka yi dariya, kaina ya kumbura. Washegari da safe na fito da keke a gaban jama'a. Na tashi daga ƙofarmu na nufi bakin lungu a hankali, duk bayan tsawon keke biyar in tsaya in rubuta. Wani wurin hawa, wani wurin gangare, amma da na haɗa na raba, sai lissafi ya ba da gangaren rabin yatsa zuwa wajen Baba Tanimu. Na faɗa da ƙarfi, kamar mai karanta sakamakon jarrabawa. Baba Tanimu ya daɗe yana kallon tiyon. Tsoho ne marar hayaniya, shi ya ɗinka mini rigar aurena.

"To, in ilimi ya ce nan ne, nan ne," in ji shi. "Allah ya sa haka ya fi alheri."

Aka sa Asabar ta sama magina su zo. Cikin makon na ga ya kwashe kayansa ya koma zaurensa mai duhu, yana kai allura kusa da hanci kafin ya sami kafar zare. Na ji ba daɗi, amma na ce ai ba ni na yi ba, ƙasa ce.

Ranar Alhamis na dawo daga makaranta na ga man tiyon yana yoyo. Na sake sabo, dole kuma in sake duba sifili. Ranar babu karatu, zaure ba kowa. Ina tsugune ina jiran ƙwaya ta natsu sai ga Inna, kakarku, ta dawo daga barka tana dogara sandarta. Ta tsaya a kaina.

"Kai kuma me kake nema a ƙasa, kamar wanda ya yar da allura?"

"Inna, wurin da yake a miƙe nake nema. Daga shi ake fara awo."

"Shi ne ka zo nan?"

"Ai duk gidan nan babu inda ya kai shi."

Ta yi dariya har sai da ta dafa bango. "Wa ya ce maka a miƙe yake? Mu muka daɓe shi, ni da goggonninka da matan unguwa, ina da cikin Bala. Sau uku ana sabunta shi, duk da hannuna a ciki. Wace mace ce za ta yi daɓe a miƙe? Ai sai an ɗan karkatar da shi wajen ƙofa. In an wanke, ko feshin ruwa ya shigo, ta ina kake so ya fita? Ta kan buzun ubanka? Ku maza zama kawai kuka sani a kai."

Ta shige cikin gida tana ta dariya, ba ta san abin da ta yi mini ba. Na miƙe, na kama keken na juya shi, kansa ya kalli ƙofar waje, tayoyin a daidai inda suke ɗazu. In da ƙasar a miƙe take, ƙwayar ba za ta motsa ba. Ina kallo ta gangara gaba a hankali cikin man, ta wuce layi ɗaya, ta tsaya a na biyu. Tsoro ya kama ni. Amma ba zan ɓoye muku ba, tare da tsoron akwai wani daɗi da na ji, domin nan take shida da takwas ɗin Kufena suka warware: bakwai ne, hawa da sauka, birki bai yi laifin komai ba. Sifilina a kan hawan yatsa ɗaya na ja shi. Duk abin da na auna a garin nan na ƙara masa gangaren yatsa guda. Ke nan gangaren rabin yatsan da na shelanta a lungu, hawan rabin yatsa ne. Ƙofarmu ce ta fi ƙasa.

Za ku ce me ya hana in gane tun tuni, tunda kullum ta lungun nake shigowa? Abin da ya hana shi ne ladabi. Da safe lungu ba kowa, a kan keke nake fita. Da dawowa kuwa dattawa suna zaune a dakalin Baba Tanimu, kuma ɗan unguwarmu ba ya wuce dattawa a kan keke. Tun daga titi nake sauka, in turo shi a karkace, idona a kansu ina gaisuwa. Ban taɓa shiga lungunmu a kan sirdi da rana ba tun da aka haife ni. Ranar nan bayan la'asar na yi. Na fita titi na juyo, na hau, na wuce ta gabansu kaina a sunkuye a kan tiyo, ko sallama ban yi ba. Na ji wani yana cewa, "Kai! Ba ɗan Malam ba ne wannan?" Ban ɗago ba. Ƙwayar ta nuna gangaren yatsa ɗaya da rabi zuwa ƙofarmu, daidai yadda lissafi ya ce za ta nuna.

Na sami Yaya Bala a ɗakin Malam, na durƙusa na gaya masa komai. Ya saurare ni har ƙarshe, yatsansa a cikin littafin da yake dubawa.

"Wa ka faɗa wa?"

"Kai kaɗai, Yaya."

"To ya tsaya a nan. Mai unguwa ya yanke, Baba Tanimu ya yarda, babu wanda aka tilasta."

"Yaya, in aka fasa nasa ruwan ba zai bi ba. Ya yi asarar ɗaki a banza, mu kuma katangarmu ta faɗi."

"Sai a ƙara zurfin kwatar. Jiya ka ce gabas, yau ka ce yamma, gobe kuma fa? Dubi ɗakin nan, Yahuza. A nan ya koya maka alif. Nawa ne ma bambancin?"

"Rabin yatsa."

"A kan rabin yatsa za ka rushe ɗakin ubanka?"

Na tashi na fita. Yaya Bala kuma ba mugu ba ne, ku daina jin masu cewa haka. Shi ya yi jinyar Malam a ɗakin nan, shi ya rufe masa ido. Ni ma ina son ɗakin, har yau in na rufe ido ina jin ƙanshin tawada da tsohuwar fata. Na so ƙwarai in yi shiru. Abin da ya hana ni shi ne da bakina na ce abin nan ba shi da dangi a lungu, kuma a kan wannan maganar tsohon ya kwashe kayansa.

Bayan an sauko daga Juma'a na tura keken har ƙofar mai unguwa, na roƙi a kira dattawa. Na fara da ba su haƙurin rashin kunyar jiya, sannan na faɗi kuskurena. Na kai su zaurenmu na juya keken a gabansu, na bi lungun da su fita da shiga. Wani ya ce to wa ya san ko wannan ma kuskure ne? Na ce ya yi gaskiya, shi ya sa yanzu na auna ta fuska biyu, in an haɗa an raba kuskuren yana cinye kansa. Na zaci Baba Tanimu zai yi murna. Sai na ga ya kama gemu.

"Ɗakin Malam? A'a. Ni dai a fasa nawan. Na riga na kwashe, na saba da zauren. Da wane ido zan kalli ɗakin Malam a ƙasa?"

Yaya Bala ya ɗago ya dube ni. Na gane kallon: ga ƙofa an buɗe maka, ka bi. Na sunkuyar da kai na ce, "Baba, ko ka yafe ɗakin, ruwan ba zai zo wajenka ba." Mai unguwa ya ce ruwa dai ba zai hau tudu don kunyar Malam ba, gobe magina su shiga gidanmu.

Yaya Bala da kansa ya kwashe littattafan, ya ɗaure su cikin zannuwa, ya ɗora a kura. Na kai hannu zan ɗauki ɗauri ɗaya ya ce in bari. Bai yi faɗa ba, bai zage ni ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Ya kai su wani gida da surukansa suka ba shi a Ƙofar Galadima, bayan mako biyu ya kwashe iyalinsa da ɗalibansa suka bi littattafan. Inna ta yi kuka, ta ce da ta san abin da dariyarta za ta jawo da ta wuce ni a zaure ba ta tanka ba. Ni kuwa na tsaya na ga an sauke azara ɗaya bayan ɗaya. Baba Tanimu ya koma ɗakinsa, ya ƙara shekaru yana ɗinki a bakin tagar nan kafin idon ya tafi gaba ɗaya, amma bai sake sakin jiki da ni ba, kullum kamar shi ya yi mini laifi.

Ruwan farko mai ƙarfi da hantsi ya sauko, ranar wata Lahadi. Na tsaya a bakin zaure ina jiran in ga inda zai bi, domin in ruwan bai bi ba, na rushe ɗakin ubana na kori ɗan'uwana a banza. Lungun ya cika kamar kullum. Can sai na ga karan da ke yawo a kan ruwan sun fara tahowa wajenmu, a hankali, sannan da sauri, suna shigewa ƙarƙashin katanga. Kafin azahar ƙasa ta bayyana tun daga baki har ƙurya.

Ina nan tsaye sai ga Yaya Bala ya shigo lungun, ya tattare riga, takalma a hannu. Tun daga Ƙofar Galadima ya tako cikin taɓo. Ya dubi katangar Baba Tanimu, ya zo ya tsaya a bakin kwatar, ya daɗe yana kallon sauran ruwan yana wucewa ta inda ɗakin Malam yake a da.

"Ya bi," in ji shi.

"Ya bi, Yaya. Ka shigo mana, Inna tana ciki."

"Ka gaishe ta, na zo gobe."

Ya zo goben, ya kuma ci gaba da zuwa gaishe ta har ta rasu. Mun yi zumunci, ya yi wa wasunku huɗuba, ni na yi masa wanka da ya cika. Amma kalmomin nan biyu su ne duk abin da ya ƙara ce mini a kan maganar, kuma bai sake kwana a gidan ubansa ba. Na yi daidai, ban taɓa shakka ba. Ina kuma kewarsa har yau.